Ana Miya Da Shi?

Na san halinku sarai. Da na ce yau zancen fure za mu yi, wani ya riga ya taɓe baki, wani kuma ya fara laluben shafin wasanni. Wai a wannan marra da mudun shinkafa yake kokawa da albashi, mutum da hankalinsa ya zauna yana ɓata tawada a kan wani ɗan tsiro da ake ratayewa a baranda, ba a ci, ba a sha, ba ya maganin basir balle shawara. To Malam, gyara zama. Ba taimako na zo nema ba, ba kuma talla na ɗauko ba. Saki aljihunka ka ba ni aron hankalinka.

Tsiron da nake nufi, in kana bi ta wajen masu sayar da furanni a bakin titi, wataƙila ka taɓa ganinsa a rataye ba ka kula ba. Wasu siraran igiyoyi ne korra suke zubowa daga bakin tukunya, kowace igiya an jera mata 'yan ƙwayoyi dunƙulallu, faɗin kowace ƙwaya wajen milimita 6. In wuri ya karɓe shi, igiyar takan sauko santimita 60 har zuwa 90. Duk wanda ya gan shi, carbi ne yake fara faɗo masa a rai, saboda haka carbi za mu riƙa ce masa har mu tashi. Masana tsirrai kuwa Curio rowleyanus suke rubutawa. Mai ƙarfin harshe ya gwada.

"Ana miya da shi?" Wannan tambaya ba ta taɓa makara ba. A'a Baba, ba a yi. Kada ma a gwada, don yana da ɗan dafi. Wanda ya tauna zai kwana zarya tsakanin ɗaki da bayi, ga amai ga gudawa, ruwan jikinsa kuma yakan sa wa wasu ƙaiƙayi a fata. Amma tunda miya ce ma'auninka, kwantar da hankalinka, ɗan gidan mutunci ne. Zuri'arsu ɗaya da shuwaka, da tazargade, da latas ɗin da ake yanka maka a kan shinkafa ranar suna. Masana ta furensu suke gane su. Danginsa sun yi wa tukunyarka hidimar da ta isa, shi a bar shi ya yi gayunsa. Kai ɗin ma da kake tambayar amfani, tattabarun nan da ka cika soro da su kana auno musu gero a wannan tsadar, rabonka da ka yanka ɗaya tun yaushe? Mun yi magana? Cewa muka yi Allah ya sa albarka.

Sai mai cewa ai wannan ɗabi'ar Turawa ce, su da ba su da gona sai su shuka ciyawa a ɗaki. Yallaɓai, ka yi gaggawar yanke hukunci. Carbi ɗan Afirka ne, asalinsa yankin Kef a Afirka ta Kudu, busasshiyar ƙasa mai duwatsu da ƙananan itatuwa. A can ma ba a rataye yake ba. Yaɗo yake yi a ƙasa, yana laɓewa a gindin 'yan itatuwa da tsagar duwatsu, duk inda gaɓarsa ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa, har ya shimfiɗe wurin. Ratayewar nan dabarar ɗan Adam ce don igiyoyin su zubo a gani. Abin da Turawa suka yi shi ne raɗin suna. Wani Bajamushe, Hermann Jacobsen, mai kula da lambun tsirrai na birnin Kiel, shi ya siffanta shi a rubuce a 1968, ya sa masa sunan wani Baturen Ingila, Gordon Rowley, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan tsirrai masu tara ruwa a jiki, har ya rasu a 2019 yana dab da shekara ɗari.

In kuwa shuka irin waɗannan tsirrai ne baƙon abu, aguwar da kakanka ya kewaye gona da ita fa? Reshe ake sarowa a soka a busasshiyar ƙasa, ba ban ruwa ba lallashi, ta kama. Karan masallaci fa? Kariyar nan da take fure a bayan gari lokacin da komai ya bushe, ba mai ɗaga kai ya kalle ta, ita manoman furanni na ƙasar Tailan suka ɗauka suka yi ta yi mata aure, har ta zama hajar da ake aikawa ƙasashen duniya. Ranar da ɗanka ya sayo maka ita a tukunyar tangaran da kuɗi masu ciwo, kada ka ce ba a faɗa maka ba.

Akwai kuma Hajiyar da takan rantse roba ne, kafin a ankara ta kai farce ta matse ƙwaya ɗaya don ta tabbatar. Hajiya, a yi haƙuri a cire hannu. Ƙwayar nan da kika fasa ganye ce, ganye sukutum. Ganye mai faɗi irin na ayaba ko gwanda, rana da iska suna samunsa ta ko'ina, ruwa yana fita daga jikinsa yini guda. Tsiron da yake zaune inda sai a yi watanni ba a ga hadari ba, ba shi da wannan wadatar. A lissafi kuwa, babu siffar da take ɗaukar abu mai yawa da ƙaramar fata kamar dunƙulalliya. Sai ya dunƙule ganyensa, ya cika cikinsa da ruwa, ya rage wurin da rana za ta tsotsa.

Dabarar tana da nata cikas. Ganye da haske yake haɗa abinci, wanda ya dunƙule kuwa ya rage wa kansa wurin karɓar haske. Ɗauki igiya ɗaya a hankali ki ɗaga ta saitin taga. A gefen kowace ƙwaya za ki ga wani siririn layi mai duhu-duhu, ya taso daga gindinta ya nufi ɗan tsinin da ke bakinta. Juya ta kaɗan haske ya bi ta baya, sai ki ga ashe layin garau yake. Ta nan haske yake ratsawa ya shiga can cikin ƙwayar. Masu yin furen roba dai ba su kai nan ba tukuna. Ki riƙe wannan layin a ranki, zai yi mana amfani an jima.

Yanzu mu zo kan masu laifin gaske. Masu taɓe baki ba su taɓa kashe carbi ba, tunda ba sa saye. Masoyansa ne suke kashe shi. Ga yadda abin yake tafiya, kuma ku da kuke sunkuyar da kai kun san da ku nake. An sayo shi ana murna, an rataye. Da asuba in an idar da alwala, ragowar ruwan buta a juye masa. Da hantsi mai aiki ta zo shara, ta ga tukunya, ta tausaya masa, ta ƙara. Da yamma maigida ya dawo, shi ma yana son lada. Bayan mako uku ƙwayoyi sun yi laushi, sun koma ruwa-ruwa, suna fashewa, gindin igiyoyin ya yi baƙi. Sai a tara jama'a a ce ai abin ba ya yi a ƙasarmu. Wata ma ta ce maƙwabciya ce ta yi masa baki. Baki kam an yi masa, amma na buta.

Ban ga laifinku sosai ba, tarbiyya ce. Mu mutane ne da baƙo ba ya zama sai an kawo masa ruwa, ko ya ce alhamdu lillahi sai an matsa masa ya taɓa. Sai dai shi carbi ba ya kara. In ya ce ya ƙoshi, ya ƙoshi. Saiwarsa siririya ce, ba ta nutsawa ƙasa sosai, kuma tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In ta kwana biyu a cikin caɓi sai ta shaƙe ta ruɓe, ruɓar ta hauro igiya.

Ƙa'idar ba ta da wuya, haƙurin ne da wuya. Ranar ban ruwa a ba shi sosai, a zuba har ya riƙa tsiyaya ta ƙasan tukunya, ba yayyafi ba. Daga nan a manta da shi sai ƙasar ta bushe. Ka samu tsinken tsire ka soka har gindi, ka bar shi ɗan lokaci, ka zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, mayar da butarka. In ya fito fes, bismilla. Sau da yawa abin yakan kama kamar mako biyu, amma kada ka ɗaura wa kalanda, don tukunyar da take bushewa cikin kwana shida a watan Maris tana iya kai mako uku a watan Agusta. Shi kansa yana magana in ka iya saurare. Ƙwayar da ta ƙoshi takan yi ɓul-ɓul, layin nan nata a buɗe. Ƙishi ya fara kama ta, sai layin ya tsuke, fatar ta ɗan yamutse, ta rage sheƙi.

A nan ne tarkon yake, kuma ya kama masu wayo da yawa. Carbin da saiwarsa ta ruɓe shi ma yamutsewa yake yi, tunda ba shi da bakin shan ruwa ko da yana zaune a tsakiyar tafki. Mai shi ya ga ya yamutse, ya ce wayyo ƙishi, ya ƙara ruwa. Ya ƙara yamutsewa, ya ƙara ruwa. Haka za su yi ta yi har a yi jana'iza. Saboda haka in ka ga yamutsewa, ƙasa za ka fara tambaya. Ƙasa a bushe, ƙishi ne. Ƙasa a jiƙe, ƙwayoyi a yamutse, to ruɓa ce, kuma ba addu'ar da za ta mayar da ruɓaɓɓiyar saiwa. Ɗauko almakashi ka yanke ƙarshen igiyoyin da suke da lafiya, ka sake dasawa a sabuwar ƙasa, ka zubar da tsohuwar gaba ɗaya.

Rabin wannan masifa tun daga tukunya ake sayo ta. Alhaji ya ga wata doguwar tukunyar roba mai ruwan zinare, ba huji a gindinta, ya ce ita ta dace da falo. Ta dace da falo, ba ta dace da carbi ba. Abin da yake so bai kai kuɗin katin waya ba: ƙaramin kaskon ƙasa mara zurfi, irin na maginan tukwane, da huji a ƙasa. Jikin kasko yana shan danshi yana fitarwa, sai ya rufa wa mai yawan ban ruwa asiri. Ƙasar kuwa kada a ɗebo laka daga fadama, kada kuma a ce za a gwada masa gata da ɗanyen kashin kaji. A samo yashin rafi mai tsaki-tsaki, ba lallausan nan mai kama jiki ba, a haɗa da 'yar tsakuwa da dakakken gawayi, wannan ya zama rabi ko fiye. Sauran rabin a sa baƙar ƙasa mai tsohon taki da ya gama ruɓewa. Gwajinsa, ka jiƙa ka dunƙula a hannu. In ka buɗe hannu ta wargaje, ta yi. In ta zauna dunƙule, ƙara yashi. Sannan a cika kaskon har kusa da baki. Masu barin ƙasa can ƙasa suna jefa gindin tsiron cikin rami, ba haske ba iska, daga nan ruɓa take farawa.

Sai zancen rana, inda wani zai ce ai ɗan hamada ne, a kai shi tsakar gida ya sha. Ka manta na ce a garinsu laɓewa yake yi? Ranar azahar ta Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi yake taɓa digiri 40, tana iya dafa shi a yini ɗaya. Hasken safe yake so, daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan inuwa mai haske har dare. Barandar da take kallon gabas ita ce gidansa. Kishiyar wannan kuskure ita ce a rataye shi a lungun falo mai labule uku, ko a ɗaga shi har ya kusa taɓa rufi, igiyoyi suna samun haske, saman kaskon yana cikin duhu. Bayan 'yan watanni sai ka ga ƙasa ya yi jela, sama ya yi sanƙo, ƙwayoyin sun yi nesa da juna. A sauke shi yadda haske zai sauka a kan kaskon kansa. Kada kuma a sa shi saitin bakin na'urar sanyaya ɗaki, in ma an kawo wutar.

Mutanen Sakkwato da Maiduguri da Damagaram sun ɗaga hannu, na gan ku, kuma wannan karon kuna da gaskiya. Carbi ba ya son zafi mai tsanani. Yanayin da ya fi jin daɗi bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba. Irin waɗannan tsirrai, har da abarba, da dare suke buɗe ƙofofin numfashinsu, lokacin da iska ta yi sanyi ruwa ba ya saurin fita, da rana su rufe. Inda dare ma ba ya hucewa, sai su galabaita. Shi ya sa mutumin Jos, da yake zaune a tudu mai tsawon mita 1,200, zai yi ta yi muku burga da nasa har ƙasa, ba don ya fi ku iyawa ba. Ku kuwa da bazara sai kun shigar da shi wuri mafi sanyi a gidan, kusa da taga, kun rage ruwa, kun jira. Girma ma tsayawa yake yi a lokacin. Wanda ya ga ba zai iya wannan jinya ba, akwai ɗan'uwansa Curio radicans mai ganye lanƙwasasshe, ya fi shi juriya da saurin girma. Ba abin kunya ba ne a fara da shi.

Damina ta sauka, a janye shi daga inda feshin ruwa yake kaiwa, don kwana uku na marka sun isa su gama da shi. Hunturu kuwa lokacinsa ne, sanyin dare yana yi masa daɗi. Ƙura ce kawai matsala, takan lulluɓe ƙwayoyin ta toshe layin hasken. A sa gashin kaza a kaɗe a hankali, ko a hura da baki. Wanda ya samu sanyi da ƙarancin ruwa na 'yan watanni yakan yi fure, wasu 'yan farare ƙanana masu zara-zaran gashi a ka. Ba su da wani kyan a zo a gani, amma kai hancinka kusa ka ji, ƙamshin kirfa ne sak. Mai tambayar miya, ga dai ƙamshin kayan yaji an ba ka, sai a yi haƙuri da shi.

Bakano tun ɗazu yana lissafi a zuci, bari in taimake shi kafin Bazazzagi ya riga shi ya ce shi ya gano. E, yana haihuwa, kuma kyauta. Ka yanki igiya mai tsawon santimita 10, ka cire ƙwayoyi uku ko huɗu na wajen yankan, ka bar ta a inuwa kwana ɗaya ko biyu bakin ya bushe. Sai ka soka wannan tsiraicin a ƙasa, ko ka naɗe igiyar gaba ɗaya ka kwantar a kan ƙasa mai ɗan danshi, ka danne da lanƙwasasshiyar waya don gaɓoɓin su taɓa ƙasa. Cikin 'yan makonni saiwa ta fito. Igiya biyar ko shida a kasko ɗaya su suke ba da cikar nan da ake gani a hoto. Ta haka ake maganin sanƙo ma, a ɗauko doguwar igiya a naɗe ta a saman kaskon ta kafa. Kuma dole ne a riƙa yi, don uwar ba ta dawwama, bayan 'yan shekaru takan gaji, 'ya'yan ne suke gadonta. Ribar kuwa, Alhaji, ka dai tuna abokan cinikinka su ne masu butar nan. Za su dawo saye, wannan ba shakka.

Abokan gabansa kaɗan ne. Akwai wani farin ƙwaro mai laushi da yake maƙalewa a tsakanin ƙwayoyi yana tsotse ruwan, in ka gan shi ka jiƙa auduga da sifirit ka goge, ka sake dubawa bayan mako. Sauran abokan gaban a gidanka suke kwana: yaro mai rarrafe da komai nasa baki, da kyanwa mai son abin da yake lilo, da akuyar da ba ta taɓa tambayar sunan ganye ba. A rataye shi inda ba sa kaiwa, a kuma riƙa tsince ƙwayoyin da suka faɗo ƙasa.

Saura ke, Yaya, da kika fi kowa cewa ɓata lokaci ne. An gan ki ranar da kika zo barka, kin tsaya a baranda wai kina gyara mayafi, igiya ɗaya ta bi ki cikin jaka. Ba a ce kin yi sata ba, an dai ƙirga an ga babu. Matsalar, fizgowa kika yi, ƙwaya biyu kika samu da ɗan guntun zare, kuma na ji labari kin tsoma shi a kofin shayi kin ajiye a kan firij. In kin sake zuwa ki yi sallama ki tambaya, a yanka miki da almakashi yadda ya kamata. Ki taho da kaskonki mai huji, butar kuma ki bar ta a gida.